Wa Zai Zo Anka Ya Duba Motar? Wasiƙar Uba Ga Ɗansa

Yargalma,
Ƙaramar Hukumar Bukkuyum.

Abba,

Hotunan motar sun iso. Innarka ta sa albarka, ƙannenka kuwa babu gidan da ba su kai wayar an gani ba. Allah ya sa ta alheri ce, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe.

Ka tambaye ni kamfanin da za ka yi wa motar inshora, ka ce abokan aikinka na Gusau kowa da sunan da yake ba ka, har wani ya ce ka kawo kuɗi ya haɗa maka takardun gaba ɗaya ba sai ka taka ko'ina ba. Maganar ta fi ƙarfin kati, shi ya sa na zauna na rubuta. Na kuma yarda a buga ta kowa ya gani, domin samarin Anka da Gummi da Bukkuyum masu samun abin hawa suna ƙaruwa, kuma da yawansu ba su taɓa warware takardar da ke ninke a aljihun motarsu sun karanta ba. Ni kuwa ka san a bakin sitiyari na yi ƙuruciyata, tun ina yaron mota har na riƙe tawa, hatsin Gummi da na Nasarawar Burkullu ba kasuwar da ban kai shi ba. Abin da zan gaya maka a kan titi na tsince shi.

Ba zan ba ka sunan kamfani ba. Wanda ya yi kirki bara yana iya canza manaja bana ya canza hali, ni ina ƙauye ban ji ba. Hanyar gwada su zan nuna maka, ka gwada da kanka kafin kuɗinka ya shiga hannunsu. Kowane kamfanin inshora fara'a gare shi ranar karɓa. Abin da kake saye shi ne halinsa ranar da motarka ta kwanta a gefen titi tsakanin Mayanci da Anka, kai kana tsaye da jini a goshi, kuma wannan halin ba ya fitowa a allon talla.

Fara cire maganar araha daga ranka. Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota, wadda 'yan tasha ke kira tad-fati, ba a taya ta ba a sallama ta. Hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ce ta yanka kuɗin. Daga 1 ga Janairun 2023 motar gida naira 15,000 ce a shekara, bayan ta daɗe a kan 5,000. Babur 3,000, Keke Napep 5,000, babbar motar dakon kaya 100,000. Duk kamfanin da ka shiga, kuɗin ke nan. To, ka san mutanen nan masu zama a gindin dogon yaro a bakin ofisoshin lasin, jakar leda a hammata, hatimi a aljihun gaba, suna tare duk wanda suka gani da sabuwar lamba. In ɗayansu ya ce zai yi maka ita a 4,000, takarda zai miƙo maka mai kyan launi, da tambari da sa hannu, wadda babu kamfanin da ya san da zamanta. Tana iya wuce da kai shinge goma. Ranar da ka buge ɗan mutane kuwa, ko sisi ba za ta fitar ba.

Gane ta gaskiya ba wuya yanzu. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun da ake shigar da kowace takarda sahihiya, ana ce masa NIID. Danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar motar, zai nuna maka ko tana ciki. Kada ka ɗauka ka gama sai ka ga lambarka ta fito da sunan kamfanin da ka biya. Kuɗin kuma asusun kamfani za ka tura, kada ka tura asusun wani mutum komai kyan rigarsa, domin ƙa'idarsu ita ce sai kuɗi ya isa hannun kamfani inshora take fara aiki. Tun 1 ga Fabrairun 2025, ranar da umarnin Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, na tsananta binciken wannan takarda ya fara aiki, 'yan sanda sun ƙara sa ido, masu buga ta jabu kuma sun ƙara samun kasuwa wurin masu gaggawa.

Yawancin direbobinmu sun ɗauka takardar ta 'yan sanda ce, a nuna a wuce. Asalin dokar tun 1945 yake, zamanin Turawa, kuma saboda wanda za ka buge aka yi ta. In ka lalata dukiyar wani, motarsa ko katangarsa ko shagonsa, kamfani zai biya har naira miliyan 3, bayan da can miliyan 1 ce iyaka. In kuwa rauni ne ko rai, ba a yanka masa iyaka irin wannan ba. A nan nake so ka tsaya ka yi tunani, don kai ɗan makarantar allo ne kafin ka zama ɗan boko. Ka karanta cewa kisan kuskure yana da kaffara a kan wanda ya yi, yana da diyya a kan aƙilarsa, wato danginsa na wajen uba su taru su biya. Duba danginmu yau, ka gaya mini su wa za su taru su fitar da diyyar rai, bayan shanun da suka rage an kore, gonakin nesa sun gagari zuwa.

Na sha zama a sulhun irin wannan. A shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai gari. Direba yana gefe kansa a ƙasa, shugaban tasha yana magana a madadinsa, an jingine buhun shinkafa an ɗora 'yar ambulan a kai. Babban wan mamaci ya gyara murya ya ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare, sun yafe duniya da lahira. A shafa fatiha a tashi. Matar tana cikin gida tana takaba da yara ƙanana, ba wanda ya shiga ya ji ta bakinta. Ban ce yafiya ba ta da lada ba. Amma rabin yafiyar nan, sanin da aka yi ne cewa direban ba shi da abin bayarwa, kuma ka tambayi malamai ko kawu yana da ikon yafe rabon maraya. Da a ce bayan direban nan akwai kamfani na gaskiya mai biya, da yaran nan sun samu abin da za su yi karatu da shi. Saboda wannan nake damuwa da kamfanin da za ka zaɓa, tun kafin a zo maganar fentin motarka.

Na san Innarka za ta tambaye ka ko abin ya halatta, don haka ga abin da ke akwai. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta zauna a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba akwai garari mai yawa a cikinta, ba ta halatta ba, ta kuma halatta ta taimakekeniya. Ita ce takaful. Kamfani na farko irinsa a Sudan aka kafa shi a 1979. Yadda take, masu motoci suna zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon duk wanda tsautsayi ya faɗa wa a cikinsu, kamfani wakili ne mai riƙon asusun yana ɗaukar ladansa, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, in shekara ta ƙare da rara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. A Nijeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, Noor Takaful da Jaiz Takaful suka samu lasisi a 2016, daga baya aka samu Salam Takaful mai hedkwata a Kano da wasunsu. Malamai da dama sun yi rangwame a kan inshorar da hukuma ta tilasta, amma tunda ga ta takaful, ni da yau zan sayi mota can zan fara leƙawa. Sai dai kada sunan ya sa ka saki jiki. Kwamitin malamai yana duba halaccin yarjejeniya ne, ba shi zai ɗaga maka waya da tsakar dare ba. Awon da za ka yi wa sauran, su ma ka yi musu shi cif.

Sai babbar inshora, wadda ta haɗa da motarka kanta: karo, gobara, sata. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar miliyan 8 ke nan za ta ci naira 400,000 duk shekara. Akwai ta tsakiya, wadda ta ƙara gobara da sata a kan tad-fati ta bar karo. A nan ne bambancin kamfani da kamfani yake fitowa fili, kuma a nan ne mutanenmu suka fi shan wuya.

Wani mutumin yankinmu, ba zan faɗi sunansa ko na kamfaninsa ba, ya yi wa Golf ɗinsa babbar inshora ta gaskiya, lambarsa tana cikin rumbu, komai daidai. Wata rana yana kauce wa saniya kusa da Daki Takwas ya daki kwalbati, gaban motar ya shige ciki. Janwe ya ja ta zuwa caji ofis. Ya kira lambar da ke jikin takarda, ta shiga Legas. Yarinyar da ta ɗauka mai ladabi ce ƙwarai, sai dai ba ta jin Hausa, shi kuma Turancinsa na tasha ne, aka daɗe ana fama kafin ta iya rubuta sunan garin. Suka ce kada ya taɓa motar sai injiniyansu ya gani. Injiniya ya ce ba zai bi hanyar ba saboda tsaro. Suka ce to ya kai ta garejin da suka yarda da shi, wanda ke wata jiha, kuɗin janwe kuma daga aljihunsa tukuna. Motar ta yi damina guda a caji ofis ɗin. Na wuce na gan ta da idona: tayoyi sun sace sun nutse a laka, ciyawa ta fito ta cikin bamba, madubai da batir sun yi ƙafa, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Da suka tashi biya, sun biya, ban ce sun cinye ba. Amma farashin kayan gyara ya riga ya tashi ya bar lissafinsu a baya, abin da ya ɓace a wurin ajiya kuma suka ce ba ya cikin hatsarin.

Wani kuma, da kamfani dabam, ya yi karo kusan iri ɗaya a hanyar Gummi. Wakilinsu Bahaushe ne, ya ce ya ɗauki bidiyon motar ta kowane gefe ya turo ta WhatsApp tare da lissafin bakanike, washegari ya shigo motar haya da kansa ya duba, suka yi ciniki da mai gareji a gabansa, kafin wata ya cika motar tana kan titi. Kuɗin da su biyun suka biya a shekara kusan ɗaya ne.

Kai ɗan Yargalma ne. Ka ga 2010, lokacin da gubar dalma ta cinye yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Masu alƙawari a rediyo ba su ƙirguwa, amma waɗanda muka riƙe a zuciya su ne waɗanda suka tako da ƙafarsu, likitocin MSF da ma'aikatan da suka kankare ƙasar gidajenmu. Mutanen Bagega kuwa sai 2013 aka fara share musu gari. Da wannan idon nake so ka dubi kowane kamfani: in abu ya faru a nan, a wurinmu, wa zai zo?

Saboda haka ka shiga ofishinsu da kanka, ka zauna, ka fara da wannan tambayar. Ka ce motata tana bin Gusau, Anka, Gummi, Bukkuyum. In ta yi hatsari a can, wa zai duba ta, daga wane gari zai taso, cikin kwana nawa? In ba zai iya zuwa ba, kuna karɓar hoto da bidiyo? Wane gareji kuka yarda da shi mafi kusa, ko zan iya kai wa bakanikena? Nawa kuke biya na janwe? Ka karɓi suna da lambar mutum mai rai da za ka kira, ka kuma gwada lambar ranar Asabar da daddare, tun ba abin da ya faru, ka ga ko za a ɗauka. In ofishin da ya fi kusa da kai yana Sakkwato ko Kano ko Kaduna, ba laifi ba ne a kan kansa. Abin dubawa shi ne ko wanda ke zaune a ciki yana da ikon yanke magana, ko kuwa kowace takarda sai ta je Legas ta dawo.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, kuma ba za ka ji ta a bakin abokan aikinka da ba sa fita Gusau ba. Takardun inshorar mota sun saba rufe sata, har da fashi, amma suna cire yaƙi da ta'addanci, tarzoma da yamutsi kuma sau da yawa sai an ƙara kuɗi a kansu. To, a Nuwamban 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hakan a jaridar hukuma a Janairun 2022. Yanzu in mutanen daji suka tare hanya, Allah ya kiyaye, suka tafi da motarka ko suka cinna mata wuta ko harsashi ya fasa injin, a wane layi kamfanin zai sa ka, na fashi da ake biya ko na ta'addanci da aka cire? Kada ka yarda da "haba Alhaji, ai babu matsala." Ka ce su rubuta amsar a takarda mai kan kamfani, da sa hannu. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye ya riga ya ba ka amsa. Ka tambaya kuma ko sun sharɗanta na'urar bin sawu kafin su biya sata, don wasu suna sharɗantawa, kuma sai mota ta ɓace ake buɗe maka shafin da aka rubuta.

Haka ruwa. Ka ga abin da ambaliya ta yi wa garin Gummi a watan Agustan 2024, ka kuma san yadda hanyoyin ƙauyukanmu suke komawa da damina. Ba kowace babbar inshora ce ta haɗa da ambaliya ba, a wasu sai ka nema ka ƙara kuɗi. Haka sabis ɗin waya. Takardunsu suna cewa a sanar da su hatsari nan take ko cikin 'yan kwanaki ƙayyadaddu, wanda ya makara suna iya juya masa baya. Mu kuwa a Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara na makonni masu yawa, yau ma akwai wuraren da sai ka hau tudu kake samun sanda ɗaya. Ka ji ta bakinsu: kwana nawa ne wa'adin, kuma in babu sabis me suke karɓa a matsayin uzuri.

Akwai wani abu da ba sa ɗaga murya in suna faɗinsa. A kowace ɓarna akwai kason farko da mai mota ke ɗauka da kansa, su biya abin da ya haura. Ka san nawa ne naka tun yanzu, kada ka je da fasasshiyar fitila ka ji an ce ba ta kai ba. Wasu suna sayar da ƙarin da ke ɗauke maka wannan kaso. Sukan kuma rage wani abu in za su sa sabon kaya a gurbin tsoho, musamman taya da batir.

Bayan ka ji ta bakinsu, je ka ji ta bakin waɗanda ba su da riba a ciki. Ka zaga garejin masu gyaran jikin mota a Gusau, ka sayi lemo ka zauna a benci. Su suka san kamfanin da ke turo kuɗin gyara a kan lokaci da wanda motocinsa ke kwana a wurinsu har ƙura ta rufe gilashi. Ka tambayi shugabannin tasha da masu motocin dakon kaya. Wanda zai ce maka "kamfanina lafiya lau, shekara biyar ba mu taɓa samun matsala ba," ka tambaye shi ko ya taɓa neman diyya. In bai taɓa ba, bai san kamfaninsa ba tukuna. Mutum uku da aka taɓa biya ko aka taɓa hanawa sun fi maka ɗari irinsa. Biliyoyin da suke bugawa a jarida cewa sun biya a shekara kuma kada su ruɗe ka, a ciki akwai na kamfanonin mai da masana'antu da jiragen sama. Kai naka shi ne motar mutum ɗaya a Arewa maso Yamma.

Tsufan kamfani ma ba hujja ba ce. Akwai tsofaffin da suka riƙe mutuncinsu, kamar yadda akwai waɗanda suka faɗi da furfurarsu. A watan Yunin 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, sunayen da mutane suka daɗe suna ji. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003, ta ɗaga jarin da kamfani mai irin wannan harka zai mallaka zuwa naira biliyan 15. Don haka ka duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na NAICOM na shekarar da kake ciki, kada ka dogara da abin da ka sani da. In abin ya yi maka yawa, akwai dillalan inshora masu rajista, la'adarsu daga kamfani take fita, kuma nagari a cikinsu shi zai riƙa bin maka sawun kuɗinka ranar nema. Shi ma ka duba rajistarsa.

Yanzu in juyo kanka, don ba kullum laifin kamfani ba ne. Na ji ka ce in za ka taho gida za ka riƙa ɗaukar fasinja biyu uku a bakin hanya su rage maka kuɗin mai. Na san tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa haka yake yi. Amma takardarka ta motar gida ce. Ranar da ka yi hatsari da mutanen da suka biya ka kuɗin mota, kamfani zai ce kabu-kabu kake yi, ba abin da kuka yi yarjejeniya a kai ba ke nan, kuma gaskiyarsu. Ko ka bar ɗaukar, ko ka faɗa musu su rubuta ta yadda take. Lasin tuƙinka kada ya mutu ko na kwana ɗaya. Ƙaninka da ke roƙon ka ba shi ya koya, ba shi da lasin, kada ka ba shi makulli ko Innarku ta sa baki. Darajar motar kuma ka faɗi ta gaskiya. In ta kai miliyan 8 ka rubuta miliyan 4 don kuɗin shekara ya ragu, ranar biya suna iya ba ka rabin kuɗin gyara su ce rabi ka saya. Da yadda farashin motoci ke gudu tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk shekara in za ka sabunta ka sake duba abin da motar ta kai a kasuwa. In kuma wata rana za ka tsallaka Ƙonni ko Maraɗi, ka tambayi matsayin katin ECOWAS da ke tare da takardarka kafin ka tashi, tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Ranar da tsautsayi ya zo, rai ne farko. Ka kai wanda ya ji rauni asibiti, ka biya abin da ya kama, ka adana kowane rasit. In ka ga taro yana zafi, kada ka tsaya gardama, ka nufi caji ofis mafi kusa ka kai kanka. In da hali ka ɗauki hoto kafin a motsa motocin, ka karɓi lambar shaidu biyu, ka nemi rahoton 'yan sanda. Ga wurin da al'adarmu da takardarsu suke karo: dattawa za su so a yi sulhu a take a yanka maka abin da za ka biya, takardar kuma ta hana ka ɗaukar laifi ko yin alƙawarin kuɗi ba da sanin kamfani ba. Ka yi jaje, ka yi ladabi, ka je gaisuwa, ka ce motar tana da inshora kuma haƙƙinsu zai fito, a ba ka lokaci ka kira su. Kada ka sa hannu a kan adadi. Haka nan in kamfani ya kawo maka takardar sallama, wadda ke cewa ka karɓa ka gamsu, karanta adadin sau biyu kafin ka sa hannu, don bayan sa hannu babu sauran magana.

Duk wanda ka yi magana da shi a kamfani, ka rubuta sunansa da ranar. Duk abin da ka miƙa musu ka riƙe kwafi. In suka fara yi maka gobe-jibi, ka rubuta wa shugaban kamfanin wasiƙa, in ba a ji ba ka kai ƙara sashen karɓar koke na NAICOM. Mutanenmu suna barin haƙƙinsu da "Allah ya isa" tun a zagaye na biyu, kuma kamfani maras kirki da wannan yake lissafi.

Ga hukuncina. Tad-fati ta gaskiya, mai fitowa a rumbu, daga kamfanin da kanikawa suka shaida yana biya, wannan ba zaɓi ba ne, ka yi ta kafin ka sake hawa titi. Babbar kuwa, tunda da bashin ƙungiyar ma'aikata ka sayi motar kuma in ta salwanta ba ka da ta sayen wata, ka yi ta, amma sai wurin kamfanin da ya amsa maka maganar 'yan bindiga da ruwa da mai zuwa dubawa a rubuce. In ka zaga duk ba wanda ya yarda ya rubuta, kada ka ba kowa 400,000 ɗinka. Ka buɗe musu asusu dabam ka ajiye don gyara, ka riƙe tad-fati ɗinka.

In ka samu amsoshin, ɗauki hotonsu ka turo mini in gani kafin ka biya. Ka gaishe da mai ɗakinka, ka ce wa amaryata ina nan ina jiran ta zo ta nuna mini motar babanta. In za ku taho ku taso da sassafe, ka kira 'yan tasha ka ji labarin hanya tukuna, kuma kada la'asar ta same ku a bayan Anka.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.

Mahaifinka.